Yadda Ake Share Mataccen Kod Daga Direbobin Sauti na Linux

Kusan duk ɗalibin da ya zo wurina a Samaru yana son sa hannu a aikin Linux, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ta ina zan fara?" Ni kuwa amsata ba ta sauyawa. Ka fara da shara. A cikin direbobin sauti, wato kod ɗin da ke sa Linux ya iya sarrafa na'urorin sauti, akwai kod da aka rubuta shekaru da dama da suka wuce, wanda yau babu abin da ke kiransa, yana zaune kawai yana ƙara wa masu karatu wahala. Cire shi aiki ne na gaske, masu kula da sashen suna karɓa, kuma kafin ka gama za ka san hanyoyin cikin gidan fiye da wanda ya shekara yana karanta bayani.

Sai dai tun daga nan mu fahimci juna a kan abu guda. Tsohon kod daban, mataccen kod daban. Matacce shi ne wanda babu wata hanya da na'ura za ta bi ta isa gare shi, a kowane irin tsari aka gina ta. Tsoho kuwa yana iya zama shi ne ke sa lasifikar wata kwamfuta mai shekara goma sha biyar ta yi magana. Mu da muke sayen kwamfutocin hannu a PZ da Sabon Gari, mu ne ya kamata mu fi kowa sanin wannan bambanci, domin injinan da wasu ƙasashe suka yar su ne a kan teburanmu.

Ka san gidan da za ka share

Tsarin sauti na Linux sunansa ALSA. Jaroslav Kysela ne ya fara shi a 1998, aka shigar da shi cikin kanel, wato zuciyar Linux, a 2002, sannan ya karɓi gurbin tsohon tsarin OSS da fitowar Linux 2.6. Yau shi da Takashi Iwai ne ke kula da shi. Akwai wani ɓangare mai suna ASoC, na ƙananan na'urori irin su waya da allunan ARM da sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka, wanda Mark Brown da Liam Girdwood ke riƙe da shi. Komai yana ƙarƙashin folda `sound/`: `core` ita ce zuciya, `usb` na makirufo da katunan sauti masu shiga ta USB, `pci` da `isa` na katunan da ake sokewa a cikin akwatin kwamfuta, `soc` na ASoC. Fayilolin `.h` da ake rabawa suna `include/sound/`.

Kayan aiki ba su da yawa. A kan Ubuntu ko Debian:

```
sudo apt install git git-email build-essential flex bison bc \
  libssl-dev libelf-dev libncurses-dev sparse
```

Abin da ke cin kuɗi shi ne sauko da kanel ɗin. Gigabait da yawa ne, kuma kada ka yarda ka sauko da guntu ta hanyar `--depth 1` don tsimin data, saboda tarihin shi ne rabin aikin da za mu yi. Yadda muke yi a nan: mutum ɗaya ya sauko da shi cikin dare inda intanet ke da ƙarfi, sauran su kwafa da filash, kowa ya riƙa yin `git fetch` yana ɗauko sabon da aka ƙara kawai. Daga nan sai ka haɗa da ma'ajiyar mai kula da sashen, ka buɗe reshenka a kan nasa:

```
git remote add tiwai git://git.kernel.org/pub/scm/linux/kernel/git/tiwai/sound.git
git fetch tiwai
git checkout -b shara tiwai/for-next
```

Idan a `sound/soc` za ka yi aiki, ma'ajiyar Mark Brown za ka ɗauko, wato `broonie/sound.git`. Dalilin hawa kan `for-next` shi ne, mai yiwuwa abin da ka hango wani ya riga ka cire shi makon jiya.

Farauta

Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar kamfaila, manhajar da ke juya kod zuwa harshen na'ura, ta nuna maka. Ka kunna duk direbobi, ka kashe dokar da ke mayar da gargaɗi kuskure, sannan ka gina folda ɗaya kawai:

```
make allmodconfig
scripts/config -d WERROR
make olddefconfig
make -j4 W=1 sound/usb/ 2> gargadi.txt
grep -n unused gargadi.txt
```

Gina folda ɗaya ya fi dacewa da mu. Gina kanel gaba ɗaya da `allmodconfig` yana cin awoyi a kan tsohuwar kwamfuta, ga zafin Afrilu, ga wutar da ba ta sallama idan za ta tafi. In an ɗauke wuta batir ya mutu ana cikin gini, ba asara ba ce babba, `make` zai ɗora daga inda ya tsaya.

Amma kamfaila tana ganin abin da ke cikin fayil ɗaya ne kawai. Za ta gaya maka idan fankshin mai `static`, wanda cikin fayil ɗinsa kaɗai ake iya kiransa, ba shi da mai kira, ko mazubin (variable) da aka zuba wa ƙima ba a taɓa karanta shi ba. Irin waɗannan an riga an tsince yawancinsu, domin akwai injinan da ke gina kanel dare da rana suna kai rahoto. Naman da ya rage yana wurin fankshin da ba `static` ba, musamman masu `EXPORT_SYMBOL` ko `EXPORT_SYMBOL_GPL` a ƙarƙashinsu, layin da ke fitar da fankshin don wasu direbobi su iya kiransa. Su kamfaila ba ta cewa uffan a kansu, tana ɗauka wani fayil can yana amfani da su.

Ka jero su, ka bi ɗaya bayan ɗaya:

```
git grep -h EXPORT_SYMBOL sound/core/
git grep -nw sunan_fankshin
```

Idan sunan ya fito sau uku kacal, wato inda aka rubuta shi, inda aka fitar da shi, da inda aka sanar da shi a `.h`, to ka sami wanda ake tuhuma. Tuhuma ce kawai tukuna. Kuma ka lura ban sa `sound/` a ƙarshen umarni na biyu ba. Da gangan ne. Kod ɗin sauti ana kiransa daga waje: direbobin katunan talabijin a `drivers/media`, sautin HDMI a `drivers/gpu/drm`, da `drivers/usb/gadget` mai mayar da ƙaramin allo ya zama katin sauti. Wanda ya bincika `sound/` kaɗai zai rushe ɗakin maƙwabci bai sani ba.

Nan ne aikin yake: tabbatar da mutuwar

Duk wanda ya taɓa yin noman farko ya san ƙaramin gero da ciyawa kama suke, sai an sunkuya. Nan ma sai ka sunkuya.

Tambaya ta farko, yaushe aka daina amfani da shi?

```
git log --oneline -S'sunan_fankshin' -- sound/ include/sound/ drivers/
```

Wannan umarni yana kawo kowane sauyi da ya ƙara ko ya rage yawan fitowar sunan. Yana ɗan jinkiri, ka yi haƙuri da shi. Abin da kake nema shi ne sauyin da ya cire mai kira na ƙarshe. Ka buɗe shi da `git show`, ka karanta dalilin da marubucin ya bayar. Sau da yawa za ka tarar an cire wani tsohon direba ne aka manta da mataimakinsa, ko an koma wata sabuwar hanya. Wannan mutuwa ce sahihiya. Wani lokaci kuma za ka ga tun ranar da aka rubuta shi, shekara goma da suka wuce, ba a taɓa kiransa ba ko sau ɗaya. Shi ma ya halatta.

Amma idan wata biyu ko uku da suka wuce aka saka shi, ka ƙyale shi. Manyan ayyuka kashi-kashi ake shigo da su, harsashi ya riga gini. Sannan akwai hali na uku da nake so ka sa ido a kai sosai: inda aka cire kiran bisa kuskure. Misali fankshin da ke sakin ƙwaƙwalwar da aka ara, ko mai kashe cif idan an cire na'ura. Idan irin wannan ba shi da mai kira, ba shara ka tsinta ba, ɓaraka ka gano, kuma maganinta mayar da kiran ne. Wannan ya fi share layi ɗari daraja.

Tambaya ta biyu, ko ana kiransa ta inda `grep` ba ya gani? Harshen C yana ba makro, wato abin da ake ƙirƙira da `#define`, damar manna guntayen suna da alamar `##`. Sai ka ga fankshin mai suna `wani_abu_get` babu mai kiransa a fili, alhali wani makro yana ɗaukar `wani_abu` ya liƙa masa `_get`. Direbobin sauti suna yin haka sosai wajen ƙera maɓallan ƙara da rage murya. Saboda haka ka nemi rabin sunan ma, kuma ka yi `git grep -n '##'` a cikin fayil ɗin da `.h` ɗinsa.

Ta uku, a wane tsari? Fankshin na kwanciya da farkawa, masu ƙarewa da `_suspend` da `_resume`, ba su da mai kira idan an kashe `CONFIG_PM_SLEEP`, amma da an kunna shi su ne ke dawo da sauti bayan ka buɗe murfin kwamfuta. Idan ka ga `__maybe_unused` a gaban suna, marubucin yana gaya maka ya san da zancen. Haka duk abin da ke tsakanin `#ifdef` da `#endif`, sai ka duba ko wannan zaɓi yana nan a Kconfig, fayilolin da ke jera zaɓuɓɓukan gina kanel. Akwai `scripts/checkkconfigsymbols.py` da ke lissafo sunayen da ake ambata alhali babu su. Idan zaɓin ya ɓace tuntuni, abin da ke cikin shingensa ya mutu, in dai ba kuskuren rubuta sunan aka yi ba.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama sababbin hannu. Wani ƙanena da ke karatun injiniya ya taɓa kawo mini kwamfutarsa yana cewa, "Yaya, layi ɗaya fa na cire, sautin ya fara sai ya sanƙare." Layin kamar haka yake:

```
status = readl(chip->base + REG_STATUS);
```

Kamfaila ta yi gaskiya, ba a karanta `status` a ko'ina. Amma layin yana karanta rajista ne, wato ƙaramin gurbi a cikin cif, kuma a wasu cif-cif, karanta rajistar kanta ita ce ke gaya wa na'urar an ji kiranta, ta sauke tutar da ta ɗaga. Ka cire karatun, na'urar ta ci gaba da jiran amsar da ba za ta zo ba. Gyaran da ya dace shi ne a cire mazubin a bar karatun, a sa ɗan bayani a gefe. In kuma fankshin ne da ke dawo da lambar kuskure aka zuba a mazubi aka manta, to wataƙila duba kuskuren ne ya kamata a ƙara.

Ba ƙananan masu koyo kaɗai wannan ke kamawa ba. A 2006 an cire layuka daga OpenSSL na Debian, manhajar da ke ɓoye sirrin bayanai, saboda wata manhajar bincike tana ƙorafi a kansu. Ashe ɗaya daga cikinsu shi ne ke zuba bazuwar da ake ƙera makullan sirri da ita. Sai a watan Mayun 2008 Luciano Bello ya gano, bayan kusan shekara biyu ana ƙera makullan da ake iya cankowa. Manhajar bincike tana nuna wuri ne kawai, fahimtar abin da ke wurin naka ne.

Akwai abubuwan da ko sun yi kama da matattu ba na bari a taɓa. Duk abin da ke `include/uapi/sound/` alkawari ne tsakanin kanel da manhajojin waje irin su alsa-lib da PipeWire, masu amfani da shi ba a cikin wannan ma'ajiya suke ba, kuma dokar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ita ce ba a karya manhajar mai amfani. Jerin `#define` na rajistoci, ko da rabinsu ba a kira, su ne takardar bayanin cif ɗin, wani lokaci ma su kaɗai suka rage a duniya bayan kamfanin ya rufe. Gurabe masu suna `reserved` a cikin `struct` da ake aika wa na'ura suna riƙe da tazara ne, ka zare ɗaya duk na bayansa su goce.

Sai jadawalin gyare-gyare na musamman, wanda za ka gani cike da `SND_PCI_QUIRK` a direbobin HD Audio, musamman na Realtek. Kowane layi a ciki kwamfuta ce guda da masana'anta suka haɗa wayoyinta ta wata hanya ta daban: wannan ramin abin kunnenta a juye yake, waccan makirufonta yana wata ƙafa. Intel ta fito da HD Audio a 2004, don haka jadawalin ya tara injinan shekara ashirin. Wanda ke zaune inda ake sauya kwamfuta duk shekara uku zai iya ganin kamar tarkace ne. Ni kuwa na san irin waɗannan injina su ne ake naɗar karatu da su a cikin birni, su ne a shagunan buga takardu na Kongo, su ne a hannun ɗalibai. Layi ɗaya daga nan ya fita, wani bawan Allah ya sabunta manhaja ya wayi gari da kurmar kwamfuta, bai san wa zai tambaya ba.

Cirewa

Wannan ba ya ɗaukar minti biyar. Ka goge fankshin da bayanin da ke samansa, da layin `EXPORT_SYMBOL`, da sanarwarsa a `.h`, har da tagwayensa marar komai da akan ajiye bayan `#else`. Ka duba `Documentation/sound/` ko an ambace shi. Sannan ka sake gini, domin sau da yawa cire ɗaya yana tona wani: ƙaramin mataimaki da shi kaɗai ke kiransa yanzu ya zama maraya. Kada ka gyara tazara ko rubutun kalma a layukan da ke kusa, komai yadda suka tsone maka ido. Faci ɗaya, wato sauyin da za ka aika wa mai kula, magana ɗaya.

Gwaji

Ka ajiye kwafin fayil ɗin `.o` da kamfaila ta fitar kafin ka taɓa komai, bayan gyara ka gwada su:

```
scripts/bloat-o-meter tsoho.o sabo.o
```

Abin da kake so ka gani shi ne sunan da ka cire kaɗai ya ɓace. Idan wani fankshin da ba ka nufa ba ya sauya girma, tsaya ka gano dalili.

Gina folda ɗaya ba zai kama mai kiran da ke wani wuri ba, wannan sai a matakin haɗawa na ƙarshe yake fitowa. Don haka idan abin da ka cire mai `EXPORT_SYMBOL` ne, ka daure ka yi cikakken gini da `allmodconfig` sau ɗaya, ranar da wuta ta zauna ko inda akwai sola. Ka ɗora kwamfutar a kan abin da iska za ta ratsa ƙarƙashinta, in lokacin hunturu ne ka fara hure ƙurar fankarta. Idan kuma a `sound/soc` ka yi aiki, yawancin direbobin na ARM ne, sai ka gina musu da nasu:

```
sudo apt install gcc-aarch64-linux-gnu
make ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- allmodconfig
make ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu- -j4 sound/soc/
```

Gani ya kori ji, amma a wannan aiki jin ma ana bukatarsa. In kana da na'urar, ka soka ta tukuna, sannan ka yi `make localmodconfig`, domin shi abin da ke kunne a lokacin kaɗai yake ɗauka. Ka gina da `make -j4 bindeb-pkg`, ka girka, ka bar tsohon kanel a GRUB, inda ake zaɓar kanel idan an kunna kwamfuta, don komawa. Bayan ta tashi, `aplay -l` ya nuna katin, `speaker-test -c 2 -t wav` ya yi magana hagu da dama, `arecord` ya ɗauki muryarka. Ka soka abin kunne ka zare, ka rufe murfi ka buɗe, ka leƙa `dmesg`. In ba ka da na'urar, ba laifi ba ne, amma ka faɗa a fili cewa gini kawai ka gwada.

Rubuta faci da aikawa

Ka yi `git commit -s`. Wannan `-s` yana sa layin `Signed-off-by` da sunanka, shaidar cewa kana da haƙƙin bayar da aikin. Da Turanci ake rubuta saƙon, amma gajere ne. Ka duba `git log --oneline` na fayil ɗin ka kwaikwayi yadda ake fara kanun, ko dai `ALSA:` ko `ASoC:` sai sunan direba:

```
ALSA: core: Remove unused sunan_fankshin()

The last use was removed by commit 0123456789ab ("...").
Build tested only.
```

Lambar sauyin haruffa 12 ake sa wa, tare da kanunsa. Wannan jimla ɗaya ita ce duk binciken da ka yi, kuma ita ce ke sa mai kula ya tabbatar cikin minti ɗaya. Facin da ya ce "ba a amfani da shi" kawai, ya ɗora wa mai karatu aikin da ya kamata kai ka yi. Kada ka sa `Fixes:`, shara ba gyaran ɓaraka ba ce. In facin ya fi ɗaya, kowanne ya ginu shi kaɗai, saboda masu neman asalin matsala da `git bisect` suna iya sauka a kan kowannensu.

```
git format-patch -1
scripts/checkpatch.pl --strict 0001-*.patch
scripts/get_maintainer.pl 0001-*.patch
```

Na ƙarshen zai ba ka sunayen waɗanda za ka aika wa. Da `git send-email` ake aikawa, kada ka manna faci a cikin Gmail na burauza, yana lalata tazarar layuka. Ka fara aika wa kanka, ka gwada ɗora shi da `git am` a kan sabon reshe, in ya hau lafiya sannan ka aika musu.

Daga nan sai jira. Ka ba su aƙalla mako guda kafin ka tuna musu, in kuma ka faɗo cikin mako biyun da ake haɗa sabon kanel, wanda ke zagayowa kusan duk mako tara zuwa goma, ka ƙara haƙuri. Mai kula zai iya cewa a bar abin, akwai direban da ke tafe da zai bukace shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ka yi godiya ka wuce na gaba. In ya nemi gyara, ka yi `git format-patch -v2 -1`, ka rubuta abin da ya sauya a ƙarƙashin layin `---`, ka aika a matsayin sabon saƙo. In ya amsa da cewa ya ɗauka, bayan kwana ɗaya ko biyu ka yi `git fetch tiwai`, sannan `git log --author` da sunanka a kan `tiwai/for-next`, za ka gan shi a jere da na sauran.